DOKI DA HADARI: WANI SHAFI NA TARIHINMU DA AKA BARI A BARGA

Gabatarwa

Duk wanda ya zauna ajin tarihi a wannan jami'a tamu ya sha jin sunayen mazajen da suka hau doki suka ci gari. Mun san sarakuna, mun san madawakai da barade, har kirarinsu wasunmu sun haddace. Abin da ba a cika gaya mana ba shi ne yadda aka yi dabbar da ke ƙarƙashinsu, wadda faɗuwar ganye kan zaburar da ita, ta yarda ta tsaya cikin ƙura da kururuwa da ƙarar bindiga. A wannan ɗan rubutu nawa ina so in bi ta ƙofar da ba a cika bi ba, watau ta barga. Zan duba yadda doki ke yi in hadari ya taso, da yadda damina ta tsara wa kakanninmu lokacin fita yaƙi, sa'an nan da dabarun da masu kula da dawaki suka bi wajen kwantar musu da hankali. Ra'ayina shi ne, wannan ilmi na mutanen barga ilmi ne na gaske, da shi aka riƙe dauloli, kuma muna gab da sakinsa a lokacin da muke bukatarsa.

Abin da idona ya gani

Bari in fara da abin da ya jawo hankalina ga wannan magana. Ina ɗan shekara 12 aka kai ni hutu gidan kakana a ƙauye. Yana da wani ingarma akawal, da wata tsohuwar goɗiya, da kuma wani dattijo mai kula da su wanda mu yara muke ce wa Baba. Wata rana da la'asar, a ƙarshen bazara, sai gabas ta haɗe ta yi baƙi ƙirin, jan ƙura ta taso a gabanta. Ingarman nan kuwa yana ɗaure a turke a tsakar fili. Tun kafin iska ta iso ya daina cin harawa, ya ɗaga kai, kunnuwansa suna juyawa, hancinsa ya buɗe, yana ta kewaya turke. Da aka saki tsawa ta farko sai ya yi tabarya, ya fizgi igiyar da ke ƙafarsa har ta yanke shi.

Ni kuwa, don in nuna ni ma namiji ne, sai na ɗauko bulala na shiga zabga masa ina ce masa ya tsaya. Allah ne ya yi da sauran kwanana, domin harbin da ya kawo iskarsa kawai na ji a kunne. Ana cikin haka Baba ya iso. Bai ce mini uffan ba, ya karɓe bulalar ya jefar. Ya nufi dokin ta wajen kafaɗa, ba gaggawa, yana yi masa magana ƙasa-ƙasa. Ya kama ragama, ya kwance igiyar, ya juya shi ya ba iska baya, ya ja shi zuwa bukkar da goɗiyar take. Ya watsa musu harawa, ya tsaya yana sosa masa gindin wuya inda geza ta ƙare, bakinsa yana ta tasbihi kamar yadda manya kan yi in an yi tsawa. Kafin ruwa ya tsagaita dokin ya sunkuyar da kai yana tauna.

Bayan an ɗauke ruwa ya kira ni ya nuna mini ciwon ƙafar. Ya ce, "Yaro, tsoro biyu ka haɗa masa, na sama da na hannunka. Na sama ya wuce. Naka kuwa sai mun yi wata muna lallashi." Haka kuwa aka yi. Har hutuna ya ƙare, in na doso barga dokin nan sai ya kwantar da kunnuwa ya ja da baya.

Me ya sa doki ke tsoron hadari?

Mutanenmu sukan ce doki yana ganin abin da mutum ba ya gani. In aka bar zancen aljanu a gefe, maganar tana da ƙamshin gaskiya. Asalin doki dabbar fili ce da namun daji ke farauta. Ba shi da ƙaho, ba shi da farce, makaminsa na farko gudu ne, saboda haka Allah ya ƙera masa jiki irin na mai gadi. Idanunsa suna gefen kai, yana ganin kusan duk abin da ke kewaye da shi, in ban da ɗan wuri daidai gaban goshinsa da kuma bayan wutsiyarsa. Kowane kunne nasa yana da tsoka 10, yana iya juya shi gaba ko baya ba tare da ya motsa kai ba. Masu bincike sun auna sun ga yana jin siririyar ƙara mai kaɗawa har sau 33,000 a sakan ɗaya, alhali kunnen mutum iyakarsa wajen 20,000.

To, mai karatu ya dubi abin da hadari ke yi wa irin wannan halitta. Iska takan motsa kome a lokaci guda: reshe, tsumma, kara, ƙyauren gida. Takan cika masa kunne da shuuu, ta hana shi bambance ƙarar da ke da haɗari da wadda ba ta da shi, ta kuma rikita masa ƙanshin da yake dogara da shi. Walƙiya takan haske ido sa'an nan ta bar shi cikin duhu, idon doki kuwa ya fi namu jinkirin sabawa in haske ya sauya. Sai kuma tsawa, ƙarar da ba ta da gaba ba ta da baya, ba a san inda za a guje mata ba. Zuciyar doki in yana hutawa takan buga sau 30 zuwa 40 a minti ɗaya, amma in ya saki jiki da gudu takan haura 200. Da zarar ya firgita jikinsa ya fara shirin wannan gudu ke nan. In ya tarar an ɗaure shi ko an matse shi, sai ya nemi hanya da ƙarfi: tabarya, tutsu, harbi, ko fizge igiya. Ba taurin kai ba ne, kuma ba raini ba ne. Dabba ce mai nauyin mutum huɗu ko biyar take neman tsira da ranta.

Kuma tsoron nasa ba na banza ba ne. Aradu ta fi yi wa dabba mai ƙafa huɗu ɓarna fiye da mutum, domin in ta faɗi a kusa wutarta takan bazu cikin ƙasa, ta shiga ta ƙafafun gaba ta fita ta na baya, ta ratsa ƙirji. Shi ya sa akan wayi gari a ga garke guda a kwance a gindin itaciya. A watan Agusta na 2016, a wani tudu na ƙasar Norwe, tsawa ta kashe dabbobin dawa dangin barewa 323 a wuri ɗaya, don sun cure da juna cikin hadari.

Damina da lokacin yaƙi

Yanzu mu koma ga tarihi. Tun da daɗewa doki ne ƙashin bayan sarauta a ƙasar Hausa da Barno. Tarihin Kano ya nuna Sarki Kanajeji (1390 zuwa 1410) shi ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke, kuma yana aika wa Kwararrafa dawaki. Ya nuna Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) shi ya fito da kakaki da figini da dawakin zage. Ko sunayen sarautunmu shaida ne: Madawaki, Sarkin Dawaki, Barde, Sarkin Zagi, da Shamaki wanda bargar sarki ke hannunsa. Lokacin da Dokta Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya zo Kano a 1851, ya ƙiyasta sarkinta zai iya fitar da mahaya 7,000.

Amma duk wannan ƙarfi yana da lokacinsa. In mutum ya jera manyan yaƙe-yaƙen ƙarni na 19 zai ga galibinsu tsakanin kaka da ƙarshen rani aka yi su. Alƙalawa, babban birnin Gobir, a watan Oktoba na 1808 ta faɗi. A watan Oktoba na 1826 ne Baturen nan Kyaftin Kilafaton ya tarar da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a sansani, ya ga 'yan lifidi da idonsa a bakin ganuwar Gobirawa. Yaƙin Gawakuke kuwa cikin ranin 1836 aka yi shi. Al'ada ce a wancan zamani sarakunan daula su kawo gaisuwa da mayaƙa Sakkwato bayan an ɗauke ruwa.

Dalilan a fili suke. Na farko, yawancin dakaru manoma ne, ba mai barin gonarsa cikin marka. Na biyu, koguna sun cika, fadamu sun zama taɓo, doki mai ɗauke da barde da kayansa sai ya kafe. Na uku, lifidi auduga ce aka ɗinke a cikin ƙyalle, in ya sha ruwa sai ya zama kaya. Tsirkiyar baka takan saki, albarushi ya jiƙe. Na huɗu, damina lokacin ƙwari ne, tsando yakan matso daga kurmi ya kawo sammore, cutar da ta hana mahayan arewa zama a kudu. A kan waɗannan ni zan ƙara na biyar, wanda littattafai ba su cika kulawa da shi ba. Mai karatu ya ƙaddara sansani mai dawaki dubu, kowanne a ɗaure a turke a fili, dare ya raba, sai ga hadarin gabas da iska da tsawa. Tsoro a wurin dawaki kamar gobara yake a cikin kara: in ɗaya ya tsinke igiya ya zabura, na kusa da shi ba zai tsaya tambaya ba. Sarkin yaƙin da ya san abin da yake yi ba zai so ya kwana da wannan fargaba ba.

Ba a ce ba a taɓa yin yaƙi da damina ba. Yaƙin Tabkin Kwatto a watan Yuni na 1804 aka yi shi, lokacin da ruwa ya fara sauka, domin wanda aka kora daga gida ba shi ke zaɓar rana ba. Jama'ar Shehu Usmanu dawakinsu wajen 20 ne kacal, Sarkin Gobir Yunfa kuwa ya zo da barade da 'yan lifidi, amma maharba suka tsaya suka karya su. Darasin da ke nan shi ne, ƙarfin mahayi yana rataye ne ga natsuwar dokinsa. Ranar da dokin ya ƙi gaba, sulke da kwalkwali ba su da amfani.

Daga tsawar sama zuwa tsawar ƙasa

Hausawa sun ce hadarin ƙasa maganin mai kabido. Tsawar sama ana iya kauce mata, a zauna gida har kaka. Amma sai ga wata tsawa ta zo wadda ba ta san rani ko damina ba, watau bindiga. A Barno, Mai Idris Aloma ya samo 'yan bindiga Turkawa tun a ƙarshen ƙarni na 16. A Kano, Tarihi ya nuna Babba Zaki (1768 zuwa 1776) shi ne sarki na farko da ya ajiye 'yan bindiga masu tsaronsa. A Damagaram, Sarki Tanimu ya tara bindigogi har ya sa aka ƙera igwa a Zinder a tsakiyar ƙarni na 19. Bindigar wancan zamani ba ta cika samun abin da aka auna ba, amma tana da ƙara, da walƙiya, da hayaƙi mai wari. A wurin doki hadari ne sosai, sai dai a ƙasa yake.

To yaya aka yi dawakin sarakuna suka iya tafiya a tsakiyar 'yan bindiga? Amsar tana barga. Ba a fafe gora ranar tafiya. Dokin fada tun yana dukushi yake jin tambari da kakaki da algaita ta bayan katanga. In ya tasa sai a riƙa fita da shi kilisa tare da manyan dawakin da suka saba, ya ratsa kasuwa, ya ga raƙumi, ya ga tuta tana kaɗawa. Ranar hawa yana can baya cikin dawakin zage, ba kowa a kansa, zagi na riƙe da shi, yana jin bindiga daga nesa. Baɗi a matso da shi. Da haka har ƙarar ta zame masa kamar dakan sakwara a maƙwabta. Wannan shi ne tsarin da Baba ya bayyana mini yadda ya gada daga ubansa, kuma wanda ya leƙa bargar da ta riƙe al'ada zai ga sauransa.

An gwada wannan tarbiyya gwaji mafi tsanani a 1903. Turawa ma rani suka zaɓa: sun ci Kano ranar 3 ga Fabrairu, suka ci Sakkwato ranar 15 ga Maris. A tsakanin nan, a ƙarshen Fabrairu, rundunar Kano da ke komowa daga Sakkwato ƙarƙashin Waziri Ahmadu ta yi karo da wata 'yar ƙungiyar sojan Turawa, mutum 45 ko kusa da haka, a wajen Kwatarkwashi. Sojan suka yi sahu mai kusurwa huɗu suna ɓarin wuta. Rahoton Turawan da kansu ya nuna mahayan Kano sun yi ta kawo sukuwa suna komawa, suna sake dawowa, har Waziri ya faɗi. An rasa yaƙin, domin bindiga mai ɗurin baya ta fi ƙarfin mashi, kamar yadda bindigogin Rabe suka fi ƙarfin mahayan Barno a 1893. Amma ni abin da nake so a lura da shi shi ne dawakin. Dabbar da tsawa ɗaya kan sa ta tsinke igiya, ita ce ta fuskanci wuta, ta juya, ta sake fuskantarta. Muna yabon mazajen da ke bisa, kuma sun cancanta. Amma rabin wannan jarunta a barga aka dafa ta, da hannun bayi da barori waɗanda ko sunansu ba a rubuta ba.

Kada kuma a ce na mai da da can aljanna. Linzaminmu na gargajiya mai zobe yana da zafi ƙwarai, shi ke sa doki ya ci birki nan take wajen jafi, kuma yakan fasa baki. Ƙaimi ma yakan fitar da jini. Akwai mahayan da da azaba kaɗai suka san tafiyar da doki. Sai dai mutanen barga sun bambance abu biyu: linzami na juya dokin da hankalinsa ke jikinsa ne, ba ya maganin firgita. Dokin da ya riga ya ruɗe, ƙara masa zafi ƙara masa gudu ne.

Dabarun kwantar da hankalin doki

In na tattara abin da na gani da abin da na karanta, dabarun ba su wuce waɗannan ba.

Ta farko, a riga hadari. Hadarinmu daga gabas yakan taso, kuma ya fi muni a farkon damina da ƙarshenta. Alamarsa ba ta ɓuya, doki ma yakan faɗa da kunnuwansa. Tun iska ba ta iso ba a kwance shi daga fili a kai shi inda ya saba kwana. Ɗaurin ƙafa a turke yana da kyau ranar lafiya, amma ga dokin da ya firgita shi ne mai yanke jijiya.

Ta biyu, a duba wurin. Bargar da ta ciyawa ce ko ta ƙasa, ruwa in ya sauka a kanta ba ya ƙara. Ta yanzu kuwa kwano ce, ruwa da ƙanƙara su mai da ita ganga, iska kuma ta ɗaga fallen da ba a kafe da kyau ba. Wanda ya rufa kwano ya yi masa rufin asabari ko zana daga ciki, ya kafe shi sosai, ya kawar da garma da galma da duk wani abu mai kaifi. Kada a ɗaure doki a gindin itaciyar da ta tsaya ita kaɗai, ko jikin shingen waya, ko turken ƙarfe, ko inda ruwa ke kwanciya.

Ta uku, kada a bar shi shi kaɗai. Doki dabbar garke ce, daga 'yan'uwansa yake karanta ko akwai haɗari. Tsohuwar goɗiya mai sanyin hali, ko ma jakin da suka saba, ta fi layu goma. A sa musu harawa ko ingirici, domin tauna tana ɗauke hankali, kuma in doki ya koma ci alama ce tsoro ya fara sauka.

Ta huɗu, mutum ya fara kwantar da nasa hankalin. A zo masa ta kafaɗa inda yake gani, ba ta baya ba, ba kuma daidai goshi ba. A yi magana a hankali da murya ɗaya. Tasbihin Baba ibada ce, ladarta na wurin Allah, amma kuma murya ce sananniya wadda ba ta rawa, dokin kuwa yana saurare. Susar gindin wuya ma ba camfi ba ce: nan ne dawaki kan sosa wa juna da haƙori, kuma a 1993 wasu masu bincike a Faransa suka auna suka ga susa a wannan wuri tana rage bugun zuciyar doki. In kuwa ya riga ya haukace a cikin ɗaki, kada a shiga a matse tare da shi. A tsaya a bakin ƙofa ana magana har ya sauko. Kada kuma a naɗa igiya a hannu.

Ta biyar, in hadari ya riski mutum a hanya, ya sauka. Mahayi a fili shi ne abu mafi tsawo, aradu kuwa abu mai tsawo take nema. A ƙirga tsakanin walƙiya da tsawa: kowane sakan 3 kimanin kilomita ɗaya ne. A bar tudu, a bar bakin ruwa, a bar dokin ya juya wa iska baya, don haka yake yi ko a daji.

Ta shida, wadda ita ce uwa, sabo. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A riƙa nuna wa dukushi abin tsoro kaɗan-kaɗan, daga nesa, a tsaya tun bai ruɗe ba, a yaba masa in ya natsu. Wannan ba sabon abu ba ne a duniya. Zenofon, wani sojan doki na ƙasar Girka, ya rubuta littafi a kan hawan doki a ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam. A ciki ya yi gargaɗi kada a taɓa doki cikin fushi, ya kuma bayyana cewa wanda ya doki dabbar don ta ji tsoron wani abu ya ƙara mata tsoro ne, domin za ta ɗauka abin nan ne ya jawo mata zafin. Baba bai taɓa jin sunan Girka ba, amma maganar da ya gaya mini ke nan ranar da na ɗauki bulala.

Kammalawa

Wani zai ce, yaƙin doki ya wuce, me ya dame mu? Dokin bai wuce ba. Tun daga dabar da aka yi wa Sarauniyar Ingila a Kaduna a 1956, da ta bikin FESTAC a 1977, har zuwa Disamba 2024 da hukumar UNESCO ta sa hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya, doki ne fuskar da muke nuna wa baƙi. Ga kilisa, ga hawan angwanci, ga sukuwa. Kuma akwai wani bambanci mai muhimmanci. Sarkin yaƙi na da shi ke zaɓar lokacin fitarsa, mai hawan Salla kuwa wata ke zaɓar masa. Shekarar Musulunci tana gaza ta Turawa da kwana 11 ko kusa da haka, saboda haka Salla takan kewaya rani da damina cikin shekara 33. Babbar Salla ta 2023 da ta 2024 da ta 2025 duk a watan Yuni suka faɗo, daidai lokacin da hadari ya fi zafin kai.

Ga shi kuma dawaki da yawa yanzu ba a fada suka tashi ba. Akan sayo su ko a yi hayarsu ana jibi hawa, a ɗora musu kaya masu nauyi, a miƙa linzami ga saurayin da abin da ya sani game da doki bai wuce abin da na sani ina ɗan shekara 12 ba. A kai su tsakiyar babura da lasifika da dubban 'yan kallo, yara a gaba. In gabas ta haɗe a irin wannan rana, ran da ke cikin haɗari ba na mahayi kaɗai ba ne.

Don haka ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai, musamman na sashen Hausa da na tarihi. Mun rubuta kundaye a kan waƙoƙin fada da kirarin sarakuna, kuma sun yi kyau. Amma a bayan kowace fada akwai barga, a cikinta akwai tsoho wanda ya san sunan kowane launi na doki, da kowace cuta, da kowace alama ta kunne da wutsiya. Baba ya rasu ban rubuta ko shafi ɗaya daga bakinsa ba sai abin da na riƙe a ka, kuma wannan yana damuna har yau. In hutu ya zo, wanda garinsu ke da barga ya ɗauki alƙalami da takarda ya je ya durƙusa ya gai da tsohon, ya tambaye shi abin da yakan yi in hadari ya taso. Malamanmu kuma su karɓi irin wannan aiki a matsayin bincike, don bincike ne.

Allah ya jiƙan magabatanmu, na bisa sirdi da na riƙe da ragama. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kiyashe mu sharrin iska da aradu, amin.